Yadda ake ƙara wa Ryzen 7 9800X3D gudu ba tare da an ƙona shi ba

Tun da AMD ta fito da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai suna Ryzen 7 9800X3D a watan Nuwamba na 2024, masu harkar wasannin kwamfuta suka rabu gida biyu. Wasu sun ce a bar shi yadda ya zo, ai ya riga ya wuce sa'a. Wasu kuma sun ce duk wanda ya saye shi bai taɓa BIOS ba, wato shafin saitunan da ake shiga tun kafin Windows ya tashi, ya yi asarar kuɗinsa, har suna raba lamba guda ga kowa: a sa -30 a wurin rage wuta, a ƙara 200 MHz a gudu, a tafi. Ni na haɗa kwamfutoci da dama a kan soket AM5, mazaunin da wannan furosesa ke zama a ciki, kuma abin da na gani a hannuna shi ne akwai riba a gyaran, sai dai ribar ta fi yawa wajen rage zafi fiye da ƙarin gudu. Wannan lambar da ake rabawa kuwa ita ce ta fi sa kwamfutar mutane mutuwa da kanta tana zaune babu aikin komai.

Abin da ya sa maganar ta taso shi ne yadda aka gina furosesan. Yana da ƙwayoyi 8 (ƙananan injinan da ke yin lissafi a cikinsa), gudunsa na tushe 4.7 GHz, yana hawa har 5.2 GHz, kuma yana ɗauke da ma'ajiyar kusa ta L3 mai girman 96 MB. A 5800X3D da 7800X3D da suka gabace shi, ƙarin ma'ajiyar nan mai 64 MB a saman ƙwayoyin aka ɗora ta, sai ta zama kamar bargo tana riƙe zafi, shi ya sa AMD ta takaita abin da mutum zai iya taɓawa a cikinsu. A wannan an mayar da ita ƙasa, ƙwayoyin suka koma kusa da murfi inda sanyi ke samunsu, aka kuma buɗe ƙofar gyara gaba ɗaya. Iyakar ilimin da kake buƙata kafin ka fara ke nan. Ka dai sani cewa a ƙa'idar AMD, garanti bai shafi lalacewar da ta faru saboda ƙarin gudu ba.

Kayan da za ka tanada

Na farko modabod, wato babban allon da komai ke zama a kai, wanda ya yarda da gyaran: mai cifset B650, B850, X670 ko X870. Wanda yake da A620 ko B840 ba a yi su don ƙara wa furosesa gudu ba, amma za su bar shi ya gyara RAM, don haka mataki na 3 ya ishe shi.

Na biyu na'urar sanyaya. Furosesan nan ba ya zuwa da fanka a kwalinsa. Fanka mai hasumiya biyu irin Thermalright Peerless Assassin 120 ta isa, mai ruwa ta milimita 240 ko 360 ta fi ta kaɗan. Ka haɗa da man shafawa mai kyau, wanda masu gyara ke ce wa fes, irin Arctic MX-4 ko MX-6. Farin fes ɗin nan na kwabo da ake sayarwa a ƙaramin sirinji yakan bushe cikin 'yan watanni a zafinmu.

Sai RAM, sanda biyu na DDR5-6000 masu EXPO (saitin gudu da aka shirya a cikinsu), in da hali CL30 (lambar jinkiri ce, ƙarama ta fi kyau). Sai filasha da aka goge ta zuwa FAT32. Sai UPS ko inbata, wannan kuma ba na wasa da shi, za ka ga dalili a mataki na 2. Sai ƙaramin sukundireba, da biro da takarda.

Manhajoji duk kyauta ne ko suna da na kyauta: HWiNFO64 don ganin zafi da gudu, Cinebench R23 don auna ƙarfi, OCCT da CoreCycler don gwajin juriya, MemTest86 ko TestMem5 don RAM. In data ta yi maka tsada, HWiNFO64 da OCCT da Cinebench kaɗai za su kai ka, sai dai ka tsawaita lokacin gwaji.

Mataki na 1: auna shi yadda ya zo

Kada ka taɓa komai tukuna. Buɗe HWiNFO64 a sashen na'urorin auna zafi, ka bar shi a gefe, ka kunna Cinebench R23 na dukkan ƙwayoyi na minti 10. Rubuta abu huɗu a takarda: makin da ya samu, zafi mafi yawa a layin CPU (Tctl/Tdie), wat nawa ya ja a layin CPU PPT, da gudun da ke layin Core Effective Clocks. Maki wajen 23,000 shi ne abin da na saba gani. In naka ya yi ƙasa sosai, wata manhaja na cin ƙarfinsa a ɓoye ko fankar ba ta zauna daidai ba.

Ka rubuta zafin ɗakin ma, da lokacin da ka yi gwajin. Yawancin waɗanda kake gani suna nuna digiri 70 a bidiyo, ɗakinsu bai wuce digiri 22 ba. Kai da kake Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, ɗakinka na iya kai 38 da rana, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙara, furosesa ma kusan haka zai ƙara. Iyakar wannan furosesa digiri 95 ce, daga nan yake rage gudu da kansa. In tun yanzu kana kai 95 cikin daƙiƙu kaɗan, tsaya ka cire fankar ka duba. Kuskuren da na fi tararwa a kwamfutocin da ake kawo min shi ne an manta da siririyar ledar da ke manne a gindin fankar. Na biye da shi, an ɗaure sukuru ɗaya tam kafin a taɓa ɗayan, fankar ta karkace. A riƙa juya kowane sukuru sau biyu ana komawa kan ɗan'uwansa har su ƙare tare.

Sannan ka buɗe wasan da ka fi bugawa, ka rubuta yawan hotunan da yake bayarwa a daƙiƙa a wani wuri guda da za ka iya komawa.

Mataki na 2: sabunta BIOS

Mutane na ƙyamar wannan, amma a AM5 dole ne. A watan Afrilun 2023 an samu furosesoshin Ryzen 7000 da suka ƙone saboda wutar SoC, wato sashen furosesa da ya haɗa da mai kula da RAM, ta yi yawa, abin da ya sa AMD ta ƙayyade ta kada ta wuce bolt 1.30 a sababbin BIOS. Bod ɗin da ya daɗe a shago yana iya zuwa da tsohon BIOS, wani ma ba zai gane 9800X3D ba sam.

Je shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗinka, ka nemi ainihin sunansa harafi da harafi, ka sauko da na ƙarshe wanda ba a rubuta masa beta ba. Zuba shi a filasha, shiga BIOS da maɓallin Delete ko F2 lokacin da kwamfuta ke tashi, ka nemi wurin sabuntawa. Asus na kiransa EZ Flash, MSI M-Flash, Gigabyte Q-Flash, ASRock Instant Flash. In kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, yawancin bod na AM5 suna da maɓalli a baya da ke sabunta BIOS ko da furosesan bai yi aiki ba. Littafin bod zai gaya maka ramin da za ka soka filashar da sunan da za ka sa wa fayil ɗin.

Gargaɗi biyu. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta BIOS, bod na iya mutuwa. Kada ka dogara da wutar NEPA ko da ta wuni ba ta ƙifta ba. In babu UPS, ɗauki kwamfutar ka kai wurin da ke da sola da inbata, aikin bai fi minti 10 ba. Janareta ƙarami da ke shaƙewa in an kunna firji shi ma ban yarda da shi ba. Na biyu, in Windows ɗinka na da BitLocker, mai kulle bayanan diski, a kunne, dakatar da shi ko ka rubuta makullin dawo da shi a takarda tun kafin ka fara, don sabunta BIOS na iya sa ya nemi makullin.

Bayan ka dawo Windows, sa sabuwar direbar cifset daga shafin AMD.

Mataki na 3: fara da RAM

Tabbatar sandunan biyu suna rami na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga gefen furosesa, su ne ake rubuta wa A2 da B2. Shiga BIOS ka kunna EXPO, ko takwaransa XMP in irinsa ka samu. In ba ka kunna ba, RAM ɗin da ka biya kuɗin 6000 zai zauna yana gudu a 4800 ko makamancin haka.

Kafin ka fita duba abu biyu. UCLK DIV1 Mode ya zama UCLK=MEMCLK, wato mai kula da RAM da shi kansa RAM ɗin su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa. Wutar SoC kuma ka sa ta da hannu a 1.20. Yawanci hakan ya isa ga 6000, in bai isa ba ka hau zuwa 1.25. FCLK ka bar shi a Auto. Danna F10 ka ajiye.

Allo zai yi baƙi, wata 'yar fitila a jikin bod za ta kama. Kada ka kashe. Bod ɗin na koyon RAM ɗin ne, kuma a karon farko yakan ɗauki minti biyu zuwa biyar. Na san waɗanda suka mayar da RAM mai lafiya shago saboda rashin haƙurin minti uku. In jiran ya dame ka a kowace kunnawa, akwai Memory Context Restore, amma ka kunna shi tare da Power Down Enable, in ba haka ba yakan jawo shuɗin allo.

Yanzu gwada RAM ɗin: MemTest86 zagaye huɗu, ko TestMem5 na awa biyu. Kuskure ɗaya ma bai halatta ba. In ya fito, sauko da gudun zuwa 5800 ko 5600 ka sake. Mai sanda huɗu ya sa ran saukowa ƙasa da haka, AM5 ba ya son sanda huɗu.

Dalilin da na sa RAM a gaba: in ka gyara RAM da furosesa a lokaci guda kwamfuta ta faɗi, ba za ka san wanda ya jawo ba. Abu ɗaya ake canzawa, a gwada, a rubuta.

Mataki na 4: rage masa wuta da Curve Optimizer

Nan ne zuciyar aikin. Furosesan yana da jadawali a cikinsa da ke cewa gudu kaza na buƙatar wuta kaza. Kamfani ya sa wutar da 'yar rara, don ko mafi raunin wanda ya fito daga masana'anta ya yi aiki. In naka ya fi wancan kyau, za ka iya zaftare rarar. Wuta ta ragu, zafi ya ragu, shi kuma da ya ga sarari sai ya daɗe a saman gudunsa. Kowace lamba ɗaya da ka rage tana daidai da milibolt 3 zuwa 5.

A BIOS shiga Advanced, sai AMD Overclocking, ka amince da gargaɗin, sai Precision Boost Overdrive (PBO) ka mayar da shi Advanced. PBO Limits ka bar shi Auto. Iyakar da ya zo da ita wat 162 ce, kuma a wasa ba ya ko kusantarta, don haka buɗe ta ba zai ƙara maka komai ba sai zafi. Scalar ma kada ka taɓa. Na ga masu sa shi 10X, abin da yake yi kuwa shi ne barin furosesa ya daɗe a kan wuta mai yawa, ni ba na sa wa kowa.

Shiga Curve Optimizer, zaɓi All Cores, alamar ta zama Negative, lambar 10. Kula da alamar nan da kyau, in ka bar ta Positive wuta ka ƙara. Ajiye ka tashi.

Sake Cinebench ka kwatanta da takardarka. Ya kamata zafi ya sauka ko maki ya hau, ko duka biyun. Sai OCCT na minti 30. In lafiya, koma ka sa 15, ka maimaita, sannan 20. Daga 20 ka riƙa hawa da bibbiyu.

Yanzu ga abin da masu raba -30 ba sa faɗa. Cinebench ba ya kama matsalar Curve Optimizer. Lokacin da ƙwayoyi takwas ke aiki tare, gudunsu na ɗan sauka, wutar ta ishe su. Matsalar tana fitowa ne lokacin da ƙwaya ɗaya ta zabura daga barci zuwa ƙololuwar gudu, kamar in ka buɗe burauza ko ka motsa linzami bayan kwamfuta ta daɗe a zaune. Sai ka ga ta mutu ta sake tashi ba tare da ko shuɗin allo ba. Na taɓa ba wani abokin aiki kwamfuta a -28 bayan ta ci duk gwajin da na yi mata na awa guda. Kwana uku tana kashe kanta da dare yana sauke fayil, ya ɗauka wutar gidansa ce. Tun daga ranar ban ƙara sallamar kwamfuta ba sai ta kwana a CoreCycler.

CoreCycler yana ɗora nauyi a kan ƙwaya ɗaya, ya sauke, ya koma ta gaba. Kunna shi da dare ka bar shi aƙalla awa 8. In wata ƙwaya ta gaza zai rubuta lambarta. Sai ka koma BIOS ka canza All Cores zuwa Per Core, ka sassauta wa wadda ta gaza da 5, misali daga 20 zuwa 15, sauran ka bar su. Kada ka yi mamaki in ka ga ƙwayoyin da HWiNFO64 ya nuna su ne na ɗaya da na biyu a inganci su suka fara gazawa. Kamfani ya riga ya matse su tun daga can, rararsu kaɗan ce. Ka lura kuma da ƙirga: wata manhaja daga 0 take farawa, wata daga 1.

In babu CoreCycler, OCCT na da hanyar zagaya ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya a saitunansa. Ka ƙara da barin kwamfutar a kunne wuni guda ba ta komai, da amfani da ita kwana uku a ƙananan ayyuka. Duk lokacin da ta sake tashi da kanta, buɗe Event Viewer, shiga Windows Logs sannan System, ka nemi WHEA-Logger mai lamba 18 ko 19. In ka gan shi, ka wuce gona da iri.

Akwai wata alama da ba ta kashe kwamfuta: maki ya ragu alhali gudun da ake nunawa ya ƙaru. Dubi Core Effective Clocks ka kwatanta da Core Clocks lokacin da Cinebench ke aiki. In tazarar ta wuce 50 MHz, furosesan na jan ƙafa ne a ɓoye saboda wutar ba ta ishe shi ba. Koma baya.

Furosesan da nake aiki da shi ya tsaya a -20, ƙwayoyi biyu a -15. Na gamu da wanda ya ɗauki -30 lafiya lau, na gamu da wanda ya ƙi wuce -12, duk sunansu ɗaya, kwalinsu ɗaya. In ka gano iyakar naka, ja baya da 2 ko 3 ka zauna a nan.

Mataki na 5: ƙarin 200 MHz, in zafi ya bari

Sai bayan mataki na 4 ya zauna daram. A shafin PBO ɗin nan nemi Max CPU Boost Clock Override, ka zaɓi Enabled Positive, ka fara da 100. In ya jure ka kai 200, wanda shi ne ƙarshensa, zai kai ka wajen 5.4 GHz.

Ƙarin gudu na buƙatar ƙarin wuta, saboda haka lambar da ta zauna maka a baya tana iya gazawa yanzu. Dole ka sake kwana a CoreCycler, kuma sau da yawa sai ka sassauta da 5.

Yi lissafin da kanka kafin ka sha wannan wahala: 200 a kan 5200 bai kai kashi 4 cikin 100 ba, kuma wannan a takarda ne. A wasa, musamman in kana bugawa a 1440p ko 4K inda katin hoto ne ke ɗauke da nauyin, da ƙyar idonka zai ga bambanci. Masu gasar wasannin harbi a 1080p da allo mai saurin gaske, da masu haɗa bidiyo, su ne za su ɗan amfana. Ga wanda ɗakinsa babu AC, shawarata ya tsallake wannan mataki, ya je Platform Thermal Throttle Limit ya sa 85. Furosesan ba zai wuce digiri 85 ba, fanka ta rage ihu, abin da zai rasa a wasa kuma bai taka kara ya karya ba.

Za ka ji masu cewa a ɗaure dukkan ƙwayoyi a gudu ɗaya da wuta ɗaya da hannu, ko a yi amfani da ECLK, wata hanyar ɗaga agogon tushe, a manyan bod don a wuce 5.4. Na farkon yana cire kariyar da furosesa ke yi wa kansa ta rage wuta in nauyi ya yi yawa, na biyun aikin masu neman suna a jadawalin maki ne. Mai farawa ba shi da abin nema a can.

Mataki na 6: in ta ƙi tashi

Zai faru, kada gabanka ya faɗi. Jira minti biyar tukuna ko RAM take koyo. In shiru, kashe makunnin da ke bayan akwatin, zare waya daga bango, danna maɓallin kunnawa sau biyu don ragowar wuta ta fita. In bod ɗinka na da maɓallin Clear CMOS a baya, danna shi. In babu, nemi 'yan ƙusoshi biyu a jikin bod da aka rubuta wa CLR_CMOS ko JBAT1, ka haɗa su da bakin sukundireba na daƙiƙa 10. In ba ka gan su ba, cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka jira minti biyar ka mayar. Komai zai koma yadda ya zo, ka ɗauko takardarka ka mayar da saitin ƙarshe da ya yi aiki.

Don haka da zarar ka samu saitin da ya zauna, ajiye shi a wurin adana saituna na BIOS, ka kuma ɗauki hoton kowane shafi da wayarka. Sabunta BIOS yakan share abin da aka adana, wani lokaci ma yakan canza yadda furosesa ke karɓar lambobin, sai an sake gwaji.

Mataki na 7: sake aunawa, sannan ka jira bazara

Maimaita duk abin da ka yi a mataki na 1, a lokaci irin wancan na rana, ka jera lambobin gefe da gefe. In zafi ya sauka da digiri 5 zuwa 10 kuma maki bai ragu ba, aiki ya yi.

Saitin da ka yi a sanyin Disamba bai gama cin jarrabawa ba sai ya ga Afrilu, musamman RAM, wanda kan fara kuskure in ya yi zafi. HWiNFO64 na nuna zafin kowace sanda, in ka ga yana haura digiri 55 lokacin wasa, ƙara fanka ɗaya a saman akwatin ko ka sauko da gudunsa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe haƙarƙarin fanka da ragar gaban akwati cikin makonni kaɗan. Duk wata ka zare waya, ka fitar da akwatin waje ka hure shi da buluwa, kana riƙe da fuka-fukin kowace fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Da zafi ya shigo sosai, sake ba CoreCycler da gwajin RAM dare ɗaya kowanne.